Ɗigon Haske a Idon Yaya

Duk wanda ya san aikin fim ya san ido in babu ɗan ɗigon haske a ƙwayarsa, kamar idon kifin da ya wuni a tire yake. Aikin Maifitila ke nan. Bayan an haska ɗaki da manyan fitilu, sai ya kafa wata 'yar ƙarama dab da kyamara, ta ɗiga fari a idon ɗan wasa. Masu kallo ba su san da ita ba, amma in babu ita sai ka ji suna cewa mutumin nan ba shi da rai.

To ranar, wanda ke zaune gaban kyamara yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon ɗan wasa da aka daina nema tun da hakiya ta cinye masa idon hagu. Maifitila ne ya yi ta yi wa darakta naci har ya yarda a gwada shi a matsayin wani tsohon tela.

Darakta ya leƙa allo, ya yi tsaki. "Na hagu mun ɓoye shi, mun juya fuskar. Amma na daman ma a mace yake. Ina haskenka?"

Ba mantuwa Maifitila ya yi ba. Da kunnensa ya ji likita ya ce idon da ya rage ma lallaɓa shi ake yi, kada a kuskura a dalle shi da haske mai ƙarfi. Shi ya sa ya ɗauko farin kwali yana maido da hasken taga. Ina! Idon Yaya a can cikin rami yake, ga gira kamar rumfa. Ya rufa wa fitilar farin ƙyalle ya kunna daga nesa, ɗigon bai ko leƙo ba.

"Ni fa ba zan wuni a nan ba," in ji darakta. "In rana ta bar tagar nan bai fito ba, wani zan kira."

Yaya ya yafuto ƙanensa. "Auta, cire ƙyallen nan, ka matso da ita."

"Yaya, likita fa ya ce..."

"Likita ne ke taya ni zaman gida? Ka san abin da zaman nan ya yi min." Ya yi 'yar dariya. "Kai ma ka huta, ido ɗaya za ka saita, rabin aiki."

Maifitila bai yi dariya ba. Tsoro ya ji, tsoro sosai, amma bai taɓa yi wa Yaya musu ba, ba kuwa a gaban mutane zai fara ba. Ya cire ƙyallen, ya matso da fitilar, ya kunna.

Ɗigon ya fito tar. Da a ɗauka ɗaya aka gama, da abin ya zo da sauƙi, sai dai babur ya wuce ya ɓata sauti, 'yar wasan da suke fitowa tare ta manta zancenta, aka sake, aka kuma sakewa. Yaya na zaune bayan keken ɗinki, ko ƙiftawa ba ya yi. Hawaye ya fara bin kuncinsa.

"Kat! Kun gani? Wannan shi ne ɗan wasa, ba a ce ya yi kuka ba ya yi!" Darakta har da tafi. "Baba, aikin naka ne. Gobe da safe."

Aka shiga naɗe wayoyi. Maifitila ya kashe fitilar, ya zo ya tsuguna. Yaya na ta murmushi yana amsa gaisuwa, amma fuskarsa na kallon inda babu kowa. Ya lalubo wuyan hannun ƙanensa, ya damƙe.

"Auta," ya ce ƙasa-ƙasa, "yi kamar hira muke yi, ka kai ni bakin ƙofa. Kada su gane."