Faɗuwar Gaban Mai Aski

Tun da ɓarin jikin yayansa ya shanye, mai aski ke rufe shago duk ranar zuwa asibiti. Shi ke ciccibar Yaya ya sa a mota, ya naɗe kekensa na guragu ya tura a baya, ya zauna kan benci har a gama gashin ƙashi. Kafin ciwon Yaya direban babbar mota ne, in ya yi magana a tsakar gida har maƙwabta sai sun ji. Yanzu sai ya tauna kalma kafin ta fito, hannun hagu kuma na kwance a cinya kamar na aro.

A kan bencin nan wata likita ta same su. Tana cikin masu binciken abin da ke sa ciwon nan yake bin wasu gidaje, kuma Yaya ya riga ya shiga binciken. Yanzu 'yan'uwan majinyata suke nema, waɗanda ba abin da ke damunsu, don a gwada a ga bambanci.

"Ni lafiyata ƙalau, Likita," in ji mai aski.

"Ai irinku muke nema."

Yaya ya karkato da baki ya ce, "Allura... yake tsoro."

Don gudun gori mai aski ya yarda. Aka ɗebi jininsa, aka tura shi cikin injin hoton ƙwaƙwalwa mai ƙara kamar maƙera, sannan aka manna masa wata 'yar na'ura a ƙirji, ba ta fi kwalin ashana ba, aka ce ya yi mako da ita. Da ita yake aski. Masu zuwa shago suka samu abin tsokana, suna tambayarsa ko mita aka sa masa don a san wutar da yake sha. Da mako ya cika ya mayar da na'urar, ya manta da zancen.

Wata rana da hantsi, yana tsakiyar gyara wa wani ƙeya, waya ta yi ƙara. Likitar ce.

"Ka zo gobe da safe mu yi magana. Ba abin tayar da hankali ba ne, amma kada ka ɗaga zuwan."

Ya ƙarasa askin bai san yadda ya yi ba. Irin ciwon Yaya ne ya kayar da mahaifinsu a bakin famfo, bai ƙara tashi ba. Ga Yaya. Shi kuwa ya daɗe yana jin gabansa na faɗuwa haka kawai yana tsaye, ƙirjin ya yi ta fuffuka kamar an kama tsuntsu, sai ya ɗora laifin a kan shayi. Bai iya faɗa wa matarsa ba. Da yamma ya wuce gidan Yaya ya zauna a gefen gado, ya faɗa masa yana kallon ƙasa.

Yaya ya daɗe yana haɗa maganar. "Gobe... ni zan raka ka."

Haka aka yi, mai rakiya a keke, wanda aka rako yana turawa. Likitar ta juyo musu da fuskar kwamfuta.

"Ƙwaƙwalwarka fes take, ba tabo ko ɗaya. Da wannan nake so in fara."

Mai aski ya saki hannun kujerar da ya damƙe.

Ta ce na'urar ce ta kama wani abu: lokaci-lokaci zuciyarsa na sakin kiɗanta, ta yi ta bugu ba tsari. In hakan ta faru jini kan taru a wani lungu nata ya daskare, gudan ya tafi ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Nasa bai kai nan ba. Akwai ƙwayar da ke hana daskarewar, kuma za ta haɗa shi da likitan zuciya a yau ɗin.

"To zan faɗi kamar Baba?"

"Alkawari ba nawa ba ne. Amma babanku ba wanda ya ga nasa kafin ya faɗi. Naka an gani, kuma yana jin magani." Ta dubi hannuwansa. "Sai dai ka yi hankali da reza. In ka yanke kana shan ƙwayar, jinin zai yi nawar tsayawa."

Ta ƙara da cewa za su sake duba zuciyar Yaya, ko shi ma daga nan nasa ya taso, don kada ya maimaita.

Da suka fito mai aski ya nufi benci. Ya zauna ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa, shi kansa bai san ko kuka yake ko dariya ba. Yaya ya matso da keken da ƙafa ɗaya, ya ɗora masa hannun dama a ƙeya, ya bar shi a nan.

Da ya natsu ya kira matarsa. Ta saurara har ƙarshe, ta yi hamdala, sannan ta tambaye shi tun yaushe yake jin faɗuwar gaban, kuma ita gunki ce a gidan da ba za a faɗa mata ba? Ya janye wayar daga kunne yana murmushi har ta gaji ta ce ya dawo da wuri.

Bayan sun ga likitan zuciya ya kama hanyar gidan Yaya, amma Yaya ya nuna kwanar shago, ya shafa gemunsa da ya yi buzu-buzu. Mai aski ya ɗaga ƙofar, ya kunna fanka, ya ɗaura wa yayansa ƙyalle a wuya, ya fara kaɗa sabulu.