Littafin da Baba Mai Waya Ya Yayyanka

Baba Mai Waya ya dafe littafin a gwiwa, ya bi gindinsa da reza, ya ciro shafi tamanin, ya miƙo wa 'yar maƙwabtansa ta saman katanga.

"Baba, sabo ne fa," in ji Tabarau. Sunan da ya laƙa mata ke nan tun tana firamare, bai kuma sake shi ba har yanzu da take sayar da magani a kantin bakin titi.

"Karantawa za ki yi ko ado? Karɓi. In kika jira na gama shafi ɗari bakwai, kin tsufa."

Haka suke yi. Shi a gaba, ita a baya, abin da ya gama ya yanko mata. Labarin wani jirgi ne da ya kwashi mutane zuwa wata duniya, tafiyar shekara ɗari uku. Waɗanda suka shiga ba su za su sauka ba, sai tattaɓa-kunnensu. Ita kuka take in an mutu a ciki. Shi kuwa, da ya yi shekara arba'in yana haɗa wa gidaje wuta, faɗansa ɗaya ne.

"Wace waya ce za ta yi shekara ɗari uku? Marubucin nan ko ƙwan fitila bai taɓa canzawa ba."

"To ka ajiye mana," in ji Mama, matarsa, daga bakin famfo.

"Sai na ga sun sauka."

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, yankan ya fara sirancewa. Shafi arba'in, ashirin, sai ga Mama ta miƙo ganye shida kacal, gefensu a karkace. Tabarau ta cinye su a tsaye. Ba ta taɓa kamo shi ba sai ranar.

Ta shiga duba shi. An dawo da gadonsa falo kusa da taga, kwalaben magani jere a kan akwatin kayan aikinsa. Ragowar littafin na kan cikinsa.

"In karanta maka?"

"Na makance ne?" Ya ɗaga takardun, suka zame masa. Ya daɗe yana kallon silin. "Ɗauki. Wuce ni. Gobe ki zo ki gaya min ko sun sauka. Ban da ƙari."

Washegari ta karanta a kanti, har sai da wani ya buga tebur sau biyu kafin ta ɗago. Da ta kai shafin ƙarshe ta juya bayansa, ta sake juyowa. A hanyar gida ta shirya wa mutanen jirgin sauka mai kyau a ranta, da ƙasa da ruwa da iska, ta yi ta maimaitawa har ƙofar falon.

"To?" in ji shi.

Idonsa na kanta. Abin da ta haddace ya bi iska.

"Ba su sauka ba, Baba. Sun dai hango duniyar. Wai sai a littafi na biyu."

"Yana ina?"

"Bai fito ba tukuna."

Sai dariya ta kama shi, ta rikiɗe tari, Mama ta rugo da ruwa.

"Ɗan banza," ya ce da numfashinsa ya dawo. "Ya bar aiki rabi. Da a ƙarƙashina yake da na sallame shi." Ya lumshe ido. "Wutar jirgin fa? Ta ɗauke?"

"Tana nan."

"Ƙarya yake."

Ranar Laraba da hantsi ya rasu.

Bayan mako guda, mutane sun ɗauke ƙafa, Tabarau na shara a tsakar gida sai ta ji muryar Mama.

"'Yar nan, mutanen nan nasa na jirgi, an ce yaushe za su isa?"

"Ba a sa rana ba, Mama."

"To."

Ta ci gaba da kwashe rigunansa daga igiya, tana ninke kowace tana ɗorawa a kafaɗa.