Tambayar Colie Folan

Tun shigowar watan Maris tsoho Colie Folan ya daina Turanci. Wata safiya 'yarsa Noreen ta kawo masa shayi, sai ya ƙura mata ido ya jefo wasu kalmomi masu fitowa daga maƙogwaro, yana jiran amsa. Da bai samu ba, ya ture kofin ya juya wa duniya baya.

Kullum sai ya maimaita, yana ta ramewa. Likita ya ce haka cutar mantuwa take, takan kwashe harshen da mutum ya koya da girma ta bar masa wanda ya sha a nono. Abin da ya ɗaure wa Noreen kai shi ne, duk tasowarta a Portland ba ta taɓa jin harshen Irish a bakinsa ba. Daga Ireland ya zo Amurka yana saurayi, ya yi dako a tashar jiragen ruwa har ƙarfinsa ya ƙare, ko gaisuwa bai koya wa 'ya'yansa ba. To me yake nema yanzu? Limamin coci? Mahaifiyarta da ta rasu?

Ranar Asabar ta tafi zauren 'yan Ireland, inda ake shirin jerin gwanon bikin Waliyyi Patrick, waliyyin ƙasarsu. 'Yan mata na dukan daɓen katako da takalman rawa, maza na gardamar wanda zai riƙe tutar yankin Galway. Ta shiga kicin ta gwada furta kalmomin ga matan da ke kwaɓin burodi. Suka fashe da dariya.

"Noreen, ƙayar kifi ce ta maƙale miki?"

"Rabu da su," in ji Delia Mulkerrin, wata tsohuwa haihuwar Connemara, can ƙauyukan Ireland, da ke yanka kabeji. "Waɗannan, Irish ɗinsu a koriyar hular biki ya tsaya. Kawo min kwat ɗina."

Sun tarar da shi bakin taga, bargo a gwiwa. Yana ganin Noreen ya sake jefo tambayar. Delia ta fara dariya, sai ta haɗiye.

"Me ya ce, Gwaggo?"

"Cewa yake, 'yar wa ce ke? Haka tsofaffinmu ke tambayar yaro in sun gamu da shi a hanya."

Noreen ta dafa bango. Ita ke yi masa wanka, ita ke masa aski.

"Ce masa tasa ce ni."

"Ba haka ake amsawa ba, 'yar nan. Jerowa ake yi: Noreen ta Colie, Colie na Tom Dogo. Buɗe baki sosai, ba addu'a kike ba."

Ta yi ta maimaitawa har harshenta ya kama, sannan ta durƙusa gabansa ta faɗa. Fuskar tsohon ta washe. Ya bugi gwiwarsa, magana ta ɓalle kamar an fasa madatsar ruwa, yana yi yana ƙyaƙyata dariya.

"Ya ce ya san gidanku sarai," in ji Delia. "Bai ma san kansa yake nufi ba. Wai Colie ɗin nan shi ya saci kwale-kwalen limami ya tsallaka tsibiri don ya je rawa, ya dawo a jiƙe sharkaf, babu takalmi ɗaya."

"Babana? Mutumin da ko a bikina bai tashi daga kujera ba?"

"Wai duk ƙauyen babu mai ƙafarsa. Ja'iri, ashe haka kake!"

Noreen ta so ta tambaya wace yarinya ce ta kai shi tsibirin, amma tsohon ya riga ya rage murya. Ya kamo hannunta ya yi wata tambaya a hankali. Delia ta fassara.

"Ya ce an ce yaron nan Colie ya tafi Amurka, uwarsa na ta kuka a bakin hanya. Yana so ya sani, ya zama mutum kuwa?"

Noreen ta juya ga Delia. "Yaya ake cewa eh?"

"Harshenmu ba shi da eh. Sai dai ki ce, ya zama."

Ta koya, ta faɗa masa. Tsohon ya jinjina kai, ya saki ajiyar zuciya, sannan ya nuna kujerar da ke kusa da shi ya ƙara wata magana.

"Ya ce ki zauna ki ba shi labarin yaron, tun daga farko."

Noreen ta jawo kujerar. Delia ta soma ɓalle maɓallan kwat ɗinta, don akwai sauran tafinta a gabanta.