Kada a Kira Shi Lokacin Aiki

"Ajiye wayar nan," in ji Malama. Muryar da kyar take fita, amma 'yarta ta ji, ta tsaya da yatsa a kan lambar ubanta.

"Mama, Baba fa zan kira."

"Na sani. Yana wurin aiki."

Ina bakin gado ina jiƙa mata leɓe da auduga. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu, kuma tun da ciwon ƙoda ya raba ta da koyarwa ya kwantar da ita, ni ke juya ta, ni ke wanke ta. Da safiyar ranar ma'aikaciyar jinya ta duba ta, ta ja ni baranda, ta ce duk mai son ganinta da rai ya zo yanzu.

Mijin kuwa ya fice tun da sassafe, turare na tashi. Ranar ce shugabannin kamfaninsu za su zaɓi manaja. Shekara da shekaru yana mataimaki, amma mu a layi tuni muka naɗa shi, Manaja muke ce masa, yana amsawa har da gyara wuyan riga. Daga bakin ƙofa ya leƙo ya ce, "Ki yi mini addu'a." Ko yaya jiki bai ce ba.

Ba zan ce ya taɓa ɗaga mata hannu ba. Magani mai tsada ma yakan aiko direba da shi. Shi ɗin ne dai ba a gani. 'Yarsa ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta gama makaranta, duk labari aka ba shi.

Abin da na ƙullace shi da shi daban ne. Watannin baya Malama ta zame a banɗaki, goshinta ya fashe. Na kira shi, na buɗe muryar wayar na ajiye a ƙasa, don hannuwana biyu na tallafe da kanta.

"Maƙwabciya, mutuwa ta yi?"

"A'a, amma jini..."

"To in ba mutuwa ba ce, kada a sake kirana lokacin aiki. Ga direba nan."

Malama ta ji kowace kalma. Ido kawai ta lumshe.

Yanzu ga 'yar ta juyo gare ni, hawaye shaɓe-shaɓe. "Inna, ki sa baki mana. Wallahi in aka kira shi zai iske ta."

Zai iske ta kuwa, ofishin ba nisa. Wayata ma tana kan cinyata. Sai Malama ta lalubo hannuna ta damƙe, da ƙarfin da ban san ya rage mata ba.

"Dokarsa ce," ta ce. "Tun da nake ban taɓa karya masa doka ba. Ba yau zan fara ba."

Har da ɗan murmushi a gefen bakinta. Na ce da yarinyar, "Kin ji uwarki. Zo ki riƙe ɗaya hannun." Na tausaya wa yarinyar, Allah ya sani. Amma ba biyayya kaɗai nake wa mai ciwo ba. Sanyi na ji a raina, kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

Rana na tsaka numfashin ya fara tsinkewa. Fanka na juyawa, a waje wani na ta buga ƙarfe a garejin gyaran mota. Ta ja wani dogo, muka jira na gaba, bai zo ba. Na shafe mata ido, na gyara mata ɗankwali, sannan na ɗauki waya.

Ya daɗe bai ɗauka ba. Da ya ɗauka, ina jin tafi a bayansa, ana ta ce masa barka.

"Maƙwabciya, ba na ce..."

"Ka ce sai in mutuwa ce. To, ita ce."

Ya shigo a guje, takalmi a ƙafa har bakin gado. Ya kira sunanta, ya taɓa hannun, ya janye. Sannan ya dube ni da jajayen idanu.

"Me ya sa ba a kira ni ba?"

"Lokacin aiki ne, Manaja."

"Ta... ta ce wani abu a kaina?"

"Ta ce kana wurin aiki."

Ya juya wajen 'yarsa, ita kuwa ƙafar uwarta take kallo. Zanin gadon ya ɓaci da magani, na ce a kawo mai tsabta a lulluɓe ta.

"Ni zan kawo," ya ce da sauri, ya fita. Can sai ga muryarsa daga ɗaya ɗakin, ƙasa-ƙasa. "Ina ake ajiye su?"

Muna zaune, ni da yarinyar, muna jin sa yana buɗe kabad, ya rufe, ya buɗe wani.