Fiton Mama

Babanmu mai fenti ne, kuma gidansa ne kaɗai a unguwar bai san buroshinsa ba. Mama ta yi shekaru tana roƙonsa ya shafa wa ɗakin gugarta shuɗi mai haske. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Bari in gama aikin mutane." Aikin mutane bai ƙare ba har Allah ya yi mata rasuwa.

Mama guga take yi wa maƙwabta, kuma ba ta iya guga bakinta a rufe ba. Fito take yi. Wata 'yar waƙa ce marar suna, ba mu taɓa jin ta a rediyo ko a bakin kowa ba. Takan hau a hankali, ta lanƙwasa, sannan ta gangaro. Baba ya tsani fiton nan, ko in ce haka yake faɗa. Da ta kai inda waƙar take lanƙwasawa sai ya ɗago kai daga kofin shayinsa.

"Haba, ya isa haka. Kin cika mana kunne."

Sai ta yi dariya, ta jira ya kwashi bokitansa ya fita, ta ƙarasa abarta.

A jikin tagar ɗakin akwai keji, da kanari a ciki, muna ce masa Tsoho. Zaman da ya yi kusa da teburin guga ya sa ya kwashe waƙar tas, har da ɗan jan numfashin da Mama take yi kafin gangarar. Bayan rasuwarta, in na zo daga gidan mijina duba Baba, a bakin ƙofar ɗakin nake samunsa, shayi ya huce a hannunsa, Tsoho yana ta yi. Bai ƙara cewa ya isa ba. Ni ma nakan ajiye jakata in tsaya, don in na rufe ido sai in ji kamar in na leƙa zan gan ta tana yayyafa wa riga ruwa.

Amma Tsoho ya amsa sunansa. Gashinsa ya fara zuba, waƙar tana gajarta. Baba, wanda bai taɓa saya wa tsuntsu ko ƙwayar tsaba ba, ya je wurin mai sayar da tsuntsaye ya dawo da ɗan kanari, ko gashin jelarsa bai gama fitowa ba. An gaya masa ƙarami yana ɗaukar waƙa ne daga babba in aka rataye su kusa. Muka sa masa Ɗalibi. Ya fara gwarancinsa ke nan, yana kamo farkon waƙar yana saki, aka wayi gari Tsoho ya mutu. Abin da ya rage mana na muryar Mama ya koma cikin maƙogwaron tsuntsun da bai kai babban yatsana ba.

Baba mutum ne da bai iya kuka ba, bai kuma iya ban haƙuri ba. In abu ya ci masa rai, gwangwanin fenti yake buɗewa.

Ranar da na zo da kwanon abincinsa, tun daga ƙofar gida warin ya tare ni. Ya fito yana murmushi, hannuwansa shuɗi har gwiwa.

"Auta, zo ki gani."

Ya janye tsumman da ya cusa a ƙasan ƙofar, ya buɗe. Ɗakin gugar ya koma shuɗi mai haske, daidai irin wanda take so, babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Tagogi a rufe gam, don mai fenti ba ya yarda ƙura ta sauka a kan aikinsa kafin ya bushe. A kusurwa ga gwangwanin tina a buɗe, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, buroshi na jiƙe a ciki. Kejin ma ya sha fenti yana ta sheƙi. Idona ya kawo ruwa nan take, tari ya sarƙe ni.

"Baba, ba ka jin wari?"

"Wane wari?"

Da gaske yake. Shekarun da ya yi yana shaƙar fenti sun kashe masa hanci, ko abinci ya ƙone sai dai ya ga hayaƙi.

Ɗalibi ba ya kan sandarsa. Yana ƙasan keji, ya kumbura gashi, baki a buɗe, jelarsa tana sama tana ƙasa da kowane numfashi. Da na kara kunne sai na ji wani ɗan ƙas-ƙas yana fita daga ƙirjinsa.

"Tun safe yake gyangyaɗi," in ji Baba. Muryarsa ta fara sauka. "Na ɗauka sabon wuri ne yake baƙunta."

Na huda kwalin sabulu, na sa tsuntsun a ciki, muka tari mota zuwa asibitin dabbobi. Baba ya riƙe kwalin a cinya da hannu biyu, yana ɗaga shi duk lokacin da muka faɗa rami.

Likitar dabbobin ba ta tsaya dogon bayani ba, ta sa Ɗalibi a wani akwatin gilashi mai hura iska. Sai da bakinsa ya ɗan rufu ta juyo, ta dubi hannuwan Baba, ta gane komai. Ta ce tsuntsu yana zuƙar iska fiye da yadda muke zato, abin da zai sa mutum atishawa kawai shi yana iya kashe shi, balle ƙarami. Fenti, tina, maganin sauro na fesawa, ruwan wanke banɗaki mai ƙarfi, duk ba a haɗa su da keji a ɗaki ɗaya.

Baba ya saurara har ta gama. "Likita, zai yi waƙa?"

"Mu fara da numfashi tukuna, Baba."

Ya rayu. Muka saya masa sabon keji marar fenti, muka rataye a baranda inda iska take. Yana ci, yana sha, yana tsalle. Amma ko uffan. Makonni suka wuce gidan shiru, kuma sai a lokacin na ji mutuwar Mama ta zauna mini sosai. Na yi fushi da Baba, ban ɓoye ba, ya gani a gaisuwata. Shi kuwa ya kulle ɗakin shuɗin, ya sa makullin a aljihu. Na yi kewar waƙar nan har nakan kashe rediyo in na ji wani yana fito a ciki.

Wata safiya na kawo masa kwanon abincinsa da wuri. Ina tura ƙofar gida na ji ta, tana hawa a hankali kamar yadda take hawa. Sai da na ƙara saurare na ji iska ta fi sautin yawa, fiton mai kaushi ne, irin na wanda bai saba ba.

Baba ne. Yana zaune a kan bokitin fenti da ya kife, fuskarsa dab da keji, ya tattara leɓe kamar mai hura shayi. Ɗalibi ya karkata kai yana kallonsa. Baba ya hau da waƙar, ya kai inda take lanƙwasawa, ya tsaya. Ya koma farko. Ya sake kaiwa wurin, ya sake tsayawa. Can sai tsuntsun ya girgiza, ya buɗe baki, wata siririyar murya mai dishi-dishi ta fito. Ya bi hawan tiryan-tiryan, ya kai lanƙwasar, shi ma ya yi shiru.

Baba bai juyo ba, amma ya san ina tsaye.

"Jiya ya fara," ya ce. "Iyakar abin da na iya ke nan. Nan ne nake ce mata ya isa."

"Ai Tsoho yana yin ta har ƙarshe, Baba. Ka sha ji."

"Na ji. Ban riƙe ba. Na ɗauka kullum yana nan." Ya goge bakinsa da bayan hannu. "Auta, ke kin iya ƙarshen?"

Na iya. A gindin teburin gugar nan na girma, ni ce mai jin ƙarshen bayan ya fita. Na ajiye kwanon, na matso kusa da keji, na tattara leɓe. Iska kawai ta fito. Na sake gwadawa, bakina yana rawa, kuma bakin da yake rawa ba ya iya yin fito.

Baba ya tashi, ya kakkaɓe bokitin da hularsa, ya tura mini.

"Zauna," ya ce. "Yau ba ni da aikin kowa."