Ƙusar da Ta Lanƙwashe

Ranar da tsohon Kofur ya ji za a rushe asibitin sansanin soja, ko shayinsa bai ƙarasa ba ya ɗauki sanda. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan yana ɗauke da wata godiya, bai san wa zai miƙa wa ba. In ginin ya tafi, babu sauran wurin tambaya.

Lokacin yaƙi aka kawo shi nan, idanunsa naɗe da bandeji. Asibitin dogayen ɗakuna shida ne na kwano, likita ɗaya tak. Kullum da safe wani yakan ja gadonsa zuwa taga, rana ta taɓa masa fuska, ya san gari ya waye. Mai jan gadon bai taɓa cewa uffan ba, ƙamshin sabulu kawai yake bari.

Majinyatan suna da wata ɗabi'a: duk wanda zai fita da ransa sai ya kafa ƙusa a katakon ƙofa. Ranar da za a wuce da Kofur babban asibiti, idanu har yanzu a rufe, mai ƙamshin sabulun ne ya riƙe masa ƙusa. Kofur ya ɗaga guduma ya buga, ƙusa ta lanƙwashe, mota ta yi ƙaho, aka tafi da shi. Can ya warke.

Yanzu ɗaki ɗaya ya rage, tantabaru sun gaje rufinsa. Katakon ƙofar ya zama kamar bayan bushiya. Kofur ya runtse ido yana lalube, don a ganinsa yatsu sun fi ido sanin wurin nan.

Mai gadi, wani mai furfura a gemu, ya matso.

"Baba, in tsohon ƙarfe kake nema, an riga ka."

"Tawa nake nema, ɗana. Lanƙwasasshiya ce. Yawwa, ga ta!"

Mai gadi ya dubi ƙusar, ya dubi tsohon, ya kwashe da dariya.

"Kada dai ka ce kai ne makahon da ya fasa wa tsohuwata babban yatsa!"

"Yatsa? Ai ban ji ko wash ba."

"Ina za ta yi wash? Wanki take yi wa asibitin, kuma an hana masu wanki kula majinyata. Da an ji muryarta, da aikin ya tafi."

Kofur ya saki ƙusar. "Tana... tana nan?"

"Ga ta can bayan tsohon ɗakin wanki, tana yi wa kaji faɗa."

Suka same ta a ƙofar ɗaki, 'yar ƙarama, duk ta tsotse. Ɗanta ya sunkuya ya yi mata bayani da ƙarfi. Ta daɗe tana kallon baƙon, sannan ta ɗaga babban yatsanta. Farcen a rabe yake, gida biyu.

"Ashe kana gani yanzu? To dubi aikinka, soja. Har yau nake jiran sannu."

Kofur ya durƙusa, gwiwa na ƙara. Jawabin da ya shekara hamsin yana shiryawa ya gudu ya bar shi. Ya kama yatsan da hannu biyu.

"Sannu, Yaya. Na gode da rana."

"Gadon nan naka da nauyi," in ji ta. "Matso nan cikin rana, inuwa ta rufe ka."