Uwar Baftisma ga Praise

Igiyar da aka kawo ta ɗaurin kwalin kifi ce daga kasuwar Baga Road, har yanzu tana ƙarni. Ketura ta mayar da hannuwanta baya tun kafin a ce ta mayar.

"Kun gani? Ba sai an koya mata ba," in ji Mama Rebeka, shugabar Zumuntar Mata. "Malam Othniel, ɗaure a hankali, gwaji muke yi."

Kowace shekara matan cocin kan yi wasan kwaikwayon Waliyyiya Bakhita, 'yar Sudan da aka sace tana ƙarama, aka sayar, aka tsattsaga mata jiki aka zuba gishiri, ta kuma yafe. Da gawayi ake zana wa mai wasan tabo. Bana Mama Rebeka ta ce a bar gawayin, tunda ga Ketura.

Shekara biyar Ketura ta yi a hannun mutanen daji, bayan sun kashe mijinta Yoila a gona. Bara ta dawo, da shatin bulala a gadon baya da 'ya mace a goye, wadda ta haifa a can. Ta sa mata suna Praise. Fada, limamin cocin, ya ce a shirye yake ya yi wa yarinyar baftisma, a kawo uwar baftisma kawai, macen da za ta tsaya mata. Ketura ta bi gida goma sha ɗaya, daga unguwar Lamisula har Dusuman. Wata ta ce ƙafa ke damunta. Wata ta ce sai ta tambayi maigida, har yau maigidan bai amsa ba.

"Ƙanwata, ki yi mana Bakhita," in ji Mama Rebeka, ranar da Ketura ta kai mata kukanta. "In jama'a suka ji da kunnensu kin yafe, ni da kaina zan riƙe 'yarki a gaban Fada."

Ketura ba ta iya karatu ba, amma ta san hoton waliyyiyar da ke jikin bango. Ta daɗe tana kallonsa. Baƙar mace mai sanyin ido, ta rufe jikinta har wuya, ko tabo ɗaya ba a gani.

"Ke dai an bar miki rigarki," ta ce wa hoton a hankali. "Ki taya ni."

* * *

Ranar Lahadi bayan sujadar coci aka jera kujeru ƙarƙashin dalbejiya. Aka zaunar da Praise a gaba, ita kaɗai a kan benci mai cin mutum shida.

Malam Othniel, mai fitowa a matsayin mai cinikin bayi, ya naɗa rawani ya janyo Ketura da igiya. Aka zame mata zane daga kafaɗa. Wayoyi suka tashi sama. Ya ɗaga bulalar kwali ya daka tsawa yadda aka koya masa.

Ƙarar ba ta yi kama da ta daji ba, amma jikin Ketura bai san haka ba. Ta zube. Ta ji ƙamshin ɗanyen itace, ta ji kukan babura. Duk da haka ta buɗe baki ta faɗi abin da ta haddace, cewa ta yafe wa waɗanda suka sace ta, ko yau ta gan su za ta durƙusa musu. Mata suka fashe da kuka. Aka ɗauki guɗa.

Sai guɗar ta mutu a tsakiya.

Praise ta sauko daga benci. Ba ta yi kuka ba, ba ta kira uwarta ba. Ta zo gefenta ta durƙusa, ta kifa goshi a ƙasa, ta haɗa 'yan hannuwanta a baya, tana jiran nata ɗaurin.

* * *

A bakin famfo Mama Rebeka ta tsayar da Ketura.

"Kin yi ƙoƙari, har Fada ya share hawaye. Amma kin ga abin da yarinyar nan ta yi a gaban mutane? Abin nasu yana jikinta, ƙanwata. Ni ma ina da jikoki. A bari ta ƙara girma mu ga halinta."

"To, Mama. Na gode."

Ta koma ƙarƙashin bishiyar. An kwashe kujeru. Praise na nan inda take, ba wanda ya taɓa ta.

"Tashi mu tafi, uwata. An gama."

Yarinyar ba ta motsa ba. Ketura ta durƙusa a bayanta, ta sa yatsu tsakanin 'yan hannuwan da babu komai a kansu, ta shiga kwance ƙulli, ɗaya bayan ɗaya.